Sawun Kamfas

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa aka turo ni Dutse koyar da lissafi, na kama haya a Takur, lokacin gidajen unguwar ba su gama haɗewa ba. Maƙwabta na jin malamin lissafi ya tare, sai suka fara aiko mini da 'ya'yansu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Bayan la'asar nake shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ni mutum ne mai saurin fushi, yaran ma sun sani, amma kullum tabarmar a cike take.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne jometiri, wato lissafin siffofi da kusurwoyi, musamman inda za a ce ka zana kusurwa mai digiri sittin, ko ka raba layi gida biyu daidai, da rula da kamfas kaɗai. Wani ya soka tsinin kamfas har ya huda takarda, wani ya zana da'ira ta fito kamar ƙosai.

Yarinya ɗaya ce ba ta da wannan matsala. 'Yar wani alaramma ce mutumin wajen Haɗeja, mai makarantar allo a bayan layinmu. Shi ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana, adon nan mai launi da ake zanawa a farar takarda a manna a jikin allo. Idonsa ya fara rauni, don haka ita ke zana masa da'irori da fensir, shi kuma ya bi da alƙalami da tawada. Tun tana 'yar ƙarama kamfas ke hannunta. Burinta ɗaya ne, ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta kimiyya, inda ba a ɗaukar wanda lissafinsa ya yi rauni. In ta faɗi, sai dai ta ci gaba a makarantar jeka-ka-dawo da ko ɗakin gwaje-gwaje babu.

Da aka yi jarrabawar gwaji a makarantarsu, ta zo mini da takardarta idonta jawur. Duk tambayoyin zane an ba ta sifiri. Na auna kusurwoyinta ɗaya bayan ɗaya, ko gashi ba su kauce ba. Har na fara zagin wanda ya duba takardar a raina, sai na lura da abin da babu. Idan ka yi zane da kamfas, akwai 'yan lanƙwasassun layuka da yake bari inda suka gitta juna, mu muna ce musu sawun kamfas. Su mai dubawa yake ba wa maki, don su ne ke nuna ba da ma'aunin kusurwa ka yi satar hanya ba. Takardarta fes take, ko ɗaya babu.

"Ina sawun?" na tambaye ta.

"Na goge, Malam."

"Wa ya aike ki?"

"Baba ya ce aikin da aka bar masa sawun fensir bai ƙare ba. Ya ce raini ne ka miƙa wa mutum haka."

Laifin bai wuce nan ba. A tabarmata ba ta gogewa sai ta koma gida, shi ya sa ban taɓa gani ba. Na yi mata bayani, ta ce to. Washegari na ba su aiki na ce a miƙo mini kamar a jarrabawa, sai ga hannunta ya tafi kan kilina, abin goge fensir, tun kafin ta yi tunani. Na daka mata tsawa. Na ƙwace kilinar, ta koma gogewa da ɗan yatsa da yawu har takardar ta yage. Sauran yaran suka sa mata suna Hajiya Tsafta. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ga yarinyar da ta fi kowa iyawa tana shirin faɗuwa saboda ladabi.

Da na ga jarrabawa ta matso, na je na sami mahaifinta a zaure. Na gaishe shi, na ajiye takardun biyu a gabansa, mai sawu da marar sawu.

Ya kai su kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga mai sawun. "Malam, wannan ai ƙazanta ce. Ni na koya mata ta gama aiki, kai kuma kana koya mata ta bar shi rabi?"

Na danne zuciyata na ce, "Allah gafarta Malam, idan ɗalibi ya zo biya karatu, a gabanka yake zama, kana jin bakinsa. Wanda zai duba wannan takarda yana wani gari. Bai san ta ba, bai san 'yar waye ba, ba zai ga hannunta ba. In ta goge, ba abin da zai shaida masa ita ta yi."

"Ashe ba ya wurin?"

"Ba ya wurin."

Ya miƙo mini takardun, ya ce, "Na ji." Na fito ban san ko na gyara ba ne ko na ƙara ɓatawa.

Ranar jarrabawa da safe na tsaya a bakin makarantar da za su rubuta ina duba gwangwanayen kayan lissafin yarana, don akwai masu mantuwa da fensir. Na buɗe nata, ga rula, ga kamfas, babu kilina.

"Baba ya karɓe bayan asuba," in ji ta. "Ya sa a aljihunsa, ya ce in na dawo in karɓa."

Da aka tashi ta fito tana share hawaye da bakin hijabi. Na tare ta. Na ce me ya faru, ta ce, "Malam, ban taɓa miƙa aiki mai datti irin wannan ba." Na yi dariya har yaran suka tsaya kallona, don ba su saba gani ba.

Sakamako ya fito da damina, sunanta yana ciki. Na yi murna sosai, na kuma yi ta faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarona. Ban yi tunanin wanda zai riƙa zana wa alaramma da'ira ba sai bayan ta tafi.

Na je yi masa barka na tarar da shi shi kaɗai, ya sunkuya a kan takarda, hancinsa kusan yana taɓa ta, yana lalubar inda zai kafa tsinin kamfas. A bangon zauren an rataye wata zayyana da ba a manna a allo ba. An gama mata tawada da launi, amma duk sawun fensir yana nan a ƙarƙashi, da'ira a kan da'ira.

Ya ga ina kallo. "Ita ta zana kafin ta tafi. Ka ɓata mini ita, yanzu ba ta gogewa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ni kilina in goge maka mana."

"A'a, bar shi," in ji shi. "Na yi wa mai allon wata daban. Wannan in na duba, ina ganin inda hannunta ya bi."