Maɓallin Hagu

Bayan sanƙarau ya saki ɗiyata, hannunta na hagu bai dawo daidai ba. A asibiti can Jega aka ce mu riƙa sa ta aiki da shi, in ba haka ba zai sandare. Na ba ta ɓarar gyaɗa, na ba ta tsinkar ganyen albasa, duk da dama take yi. In na matsa sai kuka, Inna uwar mijina ta ce in bar yarinya ta huta.

Sai ƙanen mijina mai karatu a Aliero ya zo da wata aba cikin robar sabulu, koriya, tsirara kamar cikin rediyo. Ya ce kwamfuta ce, akwai wasan yara a ciki. Ya jona ta da talabijin, ya ciro rimot ɗin wasa marar waya.

"Matar yaya, wannan sai da hannu biyu. Ba za ta ma san magani take sha ba."

"Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa, yaushe ka zama likita?"

Haka na ce, amma na sa rai.

Abar tana da wani hali. In aka kashe ta sai ta manta rimot ɗin. Kafin su sake gane juna sai an danne maɓalli biyu tare, na dama da na hagu, har 'yar fitilar da ke jikin rimot ɗin ta daina ƙiftawa. Da zai koma ya ce kada kowa ya danna wa yarinyar.

Kullum ina ɗora yatsanta na hagu a kan maɓallin, ya zame. Fitila ta yi ta ƙiftawa ta mutu.

Wata rana ina wanki na ji kiɗan wasan. Inna tana dariya. "Kin gani? Ta warke. Ke dai tsoro gare ki."

Na shiga da kumfa a hannuna, na kashe abar. "Sake yi in gani."

Ɗiyata ta ɗora rimot a gwiwa, ta danne na dama da yatsa, ta sunkuya ta danne na hagu da haɓa. Fitila ta tsaya. Ta ɗago tana jiran yabo.

Na ce, "Kin iya."

Hannun hagun yana kwance a tabarma, tafin yana kallon sama. Ƙuda ya sauka a kai yana yawo, ba ta kore shi ba.