Kifin da Ya Nutsar da Gora

A gidanmu na Haɗejiya, a bakin wutar banda ake tatsuniya. Kakata Iya Gaji tana juya tarwaɗa, mu jikoki mun kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Ni take fara tsokana: "Maigida, ko cefane babu, kuma tatsuniya kake so?" Sannan ta ce ga ta nan, mu ce ta iso.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani sabon masunci. Masunta a wajenmu sukan kwanta rub da ciki a kan ƙaton gora su bi ruwa, abin da suka kama su jefa a cikinsa. Shi wannan ya shiga da gora babu komai, goran ya yi ta juyi yana kifar da shi. Da ya jefa 'yan kifaye a ciki sai goran ya zauna daram. Ya ce ashe nauyi ne maganin, ya yi ta cusawa har ruwa ya sha kan gora. Da ƙyar ya fito, ba kifi ba gora.

"To, wane kifi ne ya nutsar da shi?" in ji Iya.

Muka ce na ƙarshe.

"Shi kaɗai ya shiga?" Ta ci gaba da juya kifinta.

Da na shiga kwalejin horon malamai, na kama aiki a injin casar shinkafa bayan an tashi. Abin mamaki, lissafina sai ya gyaru, don ɗan lokacin da ya rage ba na wasa da shi. Da kuɗin fetur suka shigo gari, aiki ya ƙaru, ni kuma ba na cewa a'a. Na koma gyangyaɗi a aji. Malamin lissafi ya ce in na sake faɗuwa, sai gida. Tsoro ya kama ni sosai.

Na roƙi mai injin ya rage mini aiki. Ya ce, "Yaro, in rage nawa?" Na ce ni ma ban sani ba. Muka yi ta ragewa kaɗan-kaɗan har na daina barci a aji, na haye da ƙyar.

Na daɗe ina zaton Iya rowar amsa ta yi mana. Yanzu ɗalibaina masu aikin yamma suna tambayata awa nawa ne ba za su cuci karatu ba, sai in ga ita ma ba ta da adadin. Wanda ke kan goran ne kaɗai yake jin inda ruwa ya kai masa.