Kwalbar da Na Girgiza

Bayan sojoji sun sauka na yi shekaru ina dako a Fagge, har bayana ya ƙi. Daga nan na samu wankin kwalabe a wani ɗakin gwajin jini a Sabon Gari. Mai wurin 'yar ƙabilar Ibo ce, a Kano aka haife ta. Madam muke ce mata.

Tana da na'urar da ke raba abin da aka tace daga jini zuwa ɗigo dubbai. A jinin mutum akwai zaren gado guda biyu, na uwa da na uba. Wani yaro daga unguwar Kwaciri yana da tabon cuta biyu a zaren gadonsa. In tabon biyu suna kan zare ɗaya, tare za su fito a ɗigo ɗaya, ɗayan zaren lafiyayye ne, yaro ya tsira. In a rabe suka fito, duka zaren sun lalace.

Na ga 'yar kwalbar gwajinsa a kan tebur. Na ɗauka na girgiza ta sosai. Haka muke yi wa maganin tari tun ina yaro, don kada ya kwanta. Gyara na yi niyya.

Sakamako ya fito a rabe. Uwar yaron, Babarbariya mai sayar da turare, ta saurara ba ta yi kuka ba.

"To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ta ce. Ta goya shi ta fita.

Bayan kwana uku Madam ta ga na kai hannu ga wata kwalbar.

"Baba, a hankali! Ba fura ba ce. In ka girgiza, zaren tsinkewa yake, na haɗe ya koma rababbe."

Na ajiye. Na tuna kwalbar yaron. Ba ni da bayan da zan koma dako da shi. Sati biyu ina shara ina haɗiye maganar.

Ranar da na faɗa wa Madam na girgiza kwalbar yaron, ta ce:

"Sai yanzu?"

"Sai yanzu."

Ba ta kore ni ba. Ta kira lambar matar don a sake ɗibar jini, wayar a kashe. Ta ce in je in nemo ta.

Na bi Kwaciri lungu-lungu. Maƙwabta suka ce ta kwashe kayanta ta koma gida da yaron, tunda an ce ba magani. Wane gari? Babu wanda ya sani.

Har yau ina wankin kwalabe a wurin. Duk Juma'a bayan masallaci nakan bi ta layin masu turare in tambaya.