Baba Sallau da layi na uku

Duk wanda ya taɓa kai faci rumfar Baba Sallau a Gyaɗi-Gyaɗi ya san abin da zai fara gani a jikin bango: hoton wani ɗan takarar shugaban ƙasa da ko a garinsu sai an yi kwatance kafin a gane shi. Cutar marigayin ke nan. Da an kaɗa gangar siyasa zai tsallake manyan jam'iyyu, ya lalubo 'yar mitsitsiya wadda ofishinta bai fi shagon aski ba, ya ce, "Ga tawa."

Ni Ɗanlami mai rake a gefen rumfarsa na tsufa. Bokona a aji biyu ya tsaya, ban ma jin malamin ya lura na daina zuwa, amma har ni na san ƙuri'ar Baba ba inda take zuwa.

Na ce, "Baba, wannan fa ba zai ci ba."

Ya ce, "Na sani."

"To ai asarar ƙuri'a ke nan!"

Ya ɗaga tayar keke daga cikin ruwa, ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da naka yake ci kullum, ina motarka?"

Har tsarin zaɓensa gare shi, kuma a teburin mai shayi ya ƙirƙiro shi. Zai zauna ya ce, "Habu, mai madara. In babu, baƙi. In babu, ruwan zafi." Sai ya juyo gare mu: "Kun gani? Mai shayi ma ya san da zaɓi na biyu. Me zai hana a bar ni in ce wane nake so, in ya faɗi a miƙa ƙuri'ata ga wane?" Wata rana wani nas na asibitin koyarwa ya ce masa ai akwai ƙasashen da haka suke yi. Baba ya ajiye kofi, ransa a ɓace. "A cikinku wa ya kai musu maganata?"

Ranar da abin ya fi ba ni tsoro kuwa, lokacin nan ne da soja suka ce za su miƙa mulki, amma jam'iyyu biyu kacal, zaɓe kuma ƙato-bayan-ƙato: a kafa hoton ɗan takara, ka tsaya a bayansa kowa yana kallonka. Rumfarmu a jikin katangar Alhaji Mudi take, shi kuma jigo ne a ɗaya jam'iyyar. Ya aiko cewa duk wanda bai gani a layinsa ba ya kwashe komatsansa. Ni da iyalina da raken nan muke ci. Na roƙi Baba har da haɗa shi da Allah. Ya ce, "Layi dai ko? Zan shiga."

Da safe a firamaren Tarauni ina maƙale a layin Alhaji, ina ta miƙa wuya don ya gan ni, sai ga Baba da hoton mutuminsa wanda aka hana jam'iyyarsa rajista. Ya liƙa shi a jikin darbejiya, ya koma bayanta ya ƙame shi kaɗai.

Malamin zaɓe ya ce, "Baba, layi biyu ne fa."

"Yanzu sun zama uku, ɗana. Ƙirga, nawa ba wuya."

Fili ya ɗau dariya, ban da Alhaji. Ni kam a raina na fara neman wanda zai ara min baron kwashe kaya.

Ashe ɗan takarar Alhaji ne zai sha ƙasa. Washegari ƙofar gidan Alhaji da ake cika maƙil ta zama fayau, 'yan maula duk sun koma gidan wanda ya ci a Unguwa Uku. Can da hantsi sai ga Alhaji ya fito, ya nufo rumfa, ido jawur. Na miƙe tsaye. Ya wuce ni, ya zauna a kan bencin faci.

Can ya ce, "Sallau, kai da ka saba, yaya ake yi?"

Baba ya ce, "Da sauƙi, Alhaji. Ka kashe rediyo, ka sha kunu da zafinsa, kada ka bi ta Unguwa Uku sai an gama kiɗa. Na farkon ne mai ciwo."

Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya juyo ya ce in fere masa rake. Wallahi ban taɓa fere rake da daɗin rai irin na ranar ba! Maganar tashi ba a sake yin ta ba, a rumfar nan muka zauna har ranar da aka ɗauki Baba.

Allah ya jiƙan Baba Sallau, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.