Ranar da Na Tunzura Kakata ta Tafi Faɗa da Likita

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na tunzura kakata ta tafi Sakkwato yin faɗa da likita. Har yau in na tuna sai na yi dariya, in dariyar ta lafa kuma in ji idona ya cika da ƙwalla.

Babana manomin albasa ne a fadamar Danchadi. Ya daɗe yana fama da ciwon ciki ta gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. In ya taso masa ido ya yi rawaya, zazzaɓi ya rufe shi, mu ce shawara ce, a jiƙa saiwoyi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai shi babban asibiti a Sakkwato, aka kwantar da shi, aka ɗauki hoton ciki. Likitar, wata mata mai fara'a, ta ce bututun da ke kai ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji ne ya kumbura kamar 'yar jaka, kuma da shi aka haife shi, bai dai nuna kansa ba sai da girma ya zo. Maganinsa a yanke jakar duka tare da maɗaciyar, a jawo hanji a haɗa da hanta. In an bar ta, tana iya rikiɗewa ta zama ciwon daji.

Baba ya ce ya ji, amma wuƙa ba za ta taɓa shi ba sai mahaifiyarsa ta ce a yi, kuma da bakinta.

To, nan ake yin ta! Baba ɗan fari ne, ita kuwa tsohuwar nan kunyar ɗan fari kamar a kanta aka saukar da ita. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Kawunnaina suka je, malamin unguwa ya je, amsar ɗaya ce: "Ina ruwana? Shi da cikinai." Alhali a kwanakin nan ko furar kirki ba ta iya sha.

Ni kuwa jika ne, abin da ba mai iya faɗa mata ni ina faɗa in kwana lafiya. Na same ta a tsakar gida tana tsinke yakuwa, na zauna na yi tagumi.

"Amarya, ashe haka kike? Na fasa auren."

"Tahi can, miji babu ko cefane. Mi na yi?"

"Likita ta ce ciwon Baba aikinki ne. Tun a ciki kika haɗa shi ba daidai ba. Gaban mutane ta faɗa, har da mutanen garin Shagari."

Kai, ka ga tashin hankali! Matar da ke alfahari ba ta taɓa haihuwar ko mai shan inna ba. "Ni? Ni ta ce ma haka? Ɗiyar wa ta?" Kafin in rufe baki ta yafa mayafi. A motar Bodinga zuwa Sakkwato babu fasinjan da bai ji tarihin haihuwarta ba, ni kuwa ina gefe ina ƙara gishiri.

Da muka shiga ofishin, na ƙyafta wa likita ido, Allah ya sa ta gane. Ta bar tsohuwa ta zazzage tas, sannan ta ce, "Inna, ba laifinki ba ne, ba laifin kowa ba ne, halittar Allah ce. Amma in ba a cire ba, ina tsoron ki rasa shi. Ya ce ke yake jira."

Ban taɓa ganin faɗa ya mutu da sauri haka ba.

Na ja ta zuwa ɗakin da Baba yake kwance, ya rame, ido kamar an shafa kurkur. Ta tsaya ta ba shi baya, ta fuskanci ƙarfen da aka rataye ruwan da ake ƙara masa, ta ce wa ƙarfen, "A hwaɗa ma mai gadon ga shi bari a yi mai aiki."

Na ce, "Amarya, ƙarfen nan kurma ne."

Ta harare ni. Sai Baba ya ce a hankali, "Inna, da wa kike?"

Sannan ta juyo, ta dube shi ido cikin ido, ta ɗora hannu a goshinsa. "Da kai nike. Tahi a yi ma. Allah shi tashe ka, ka ji?" Baba, mutum mai furfura, ya fashe da kuka kamar yaro. Ni ma da na zo da tsokana sai na fita waje ina share fuska.

An yi aikin, an daɗe a ciki, amma ya tashi lafiya. Da aka nuna mata abin da aka ciro, ta leƙa, ta taɓe baki ta ce wannan ba nata ba ne, daga dangin ubansa ya kwaso. Baba ya koma fadamarsa, sai dai yakan je a duba shi lokaci-lokaci. Ita kuwa ta koma amsa wa bango gaisuwa har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya sonka har ya kasa cin abinci saboda kai, amma kunya ta ɗaure masa baki. In ka ga irin haka kada ka tsaya jira, ka nemi dabarar kwance shi tun mai son jin maganar yana da rai.