Ragon Mma Ajaratu da Dokar Mita Goma

Kafin ladan ya gama kiran assalatu, Mma Ajaratu ta riga ta tace gasarar koko, ta matse dusar, ta juye a tsohuwar roba ta kai wa Depite. Sai ta ga ya sa baki sannan take ɗora tukunya. Shekara bakwai ke nan tana haka. Masu sayen koko da ƙosai a bakin layinmu sun san matsayinsu: su ne na biyu.

Depite rago ne, fari, ƙato, mai ido ɗaya. Ta ce ta sa masa sunan ɗan majalisa ne saboda ci yake yi ya yi ihu, ba wanda ya taɓa ganin aikinsa. Yana ɗan ƙarami mai babur ya banke shi a gaban teburinta, ido ya fashe. Mai shi ya ce a yanka kafin ya zama mushe. Ta ajiye ludayi, ta naɗe shi a zani ta kai ɗaki.

A Zongo aka haife ta, jikar wani farke mai goro da ya zo Lomé bai koma ba. Ta auri tela mai daɗin baki, wanda ya shekara ashirin yana alkawarin gyara ƙofar ɗakinsu har ya rasu ƙofar tana jingine. Ta aurar da 'ya'ya mata uku da ƙosai. Babbar, Khairunnisa, ta sha roƙon ta koma wurinta a unguwar Adidogomé ta huta. Amsar ba ta canzawa: “Da Depite ko ba da shi ba?” Daga nan zancen yake mutuwa.

Rigima ta zo ne da sabon ɗan haya, Mushe Tchakoura (Mushe, wato malam da Faransanci), tsohon akawu da ya yi ritaya daga wani ofis a unguwar Nyékonakpoè. Tagar ɗakinsa daidai kan turken Depite take. Ya jure warin. Ya jure kukan. Ranar da ragon ya miƙa wuya ya cinye hannun farar rigarsa ta Juma'a a kan igiya, sai ya ɗauki biro.

Kwamitin unguwa, dattawa biyar da ke zama a benci ƙarƙashin darbejiyar bakin fili tun safe har azahar, suka yi doka. Tchakoura ya rubuta da Faransanci, mai unguwa Alhaji Kimba ya faɗa da Hausa: ba a ɗaure dabba ƙasa da mita goma daga tagar maƙwabci. Wanda ya ƙi, a kwance dabbar a kai wa mahauta. Sai dai da yake kowane ɗan kwamiti yana da ragon da yake kiwatawa a zaurensa, suka ƙara layi ɗaya a ƙasa: ban da ragon layya.

Duk gidan hayar su Mma Ajaratu, daga ƙofa zuwa bayi, bai kai mita goman ba.

“Ragon layya ne,” ta ce da aka zo mata da zancen dokar, ko ɗago kai ba ta yi daga kaskon suya ba.

Sallah ta zo. Ranar jajibiri ta ja Depite har ƙofar liman.

“Malam, duba mini. Wannan zai yi?”

Liman ya leƙa idon. “Mma, mai ido ɗaya ba ya layya.”

“Ash! To Allah ya ga niyyata. Sai baɗi.”

Baɗi ta sake kai shi. Idon bai tsiro ba. Liman ya sake faɗin abin da littafi ya ce, ta sake yin ash, Depite ya sake komawa turke yana tuƙa, hayaƙin 'yan'uwansa yana tashi daga kowane gida.

A shekara ta uku Tchakoura ya gano bakin zaren. Aka kira ta gaban benci.

“Madame, tambaya ɗaya,” ya ce, yana gyara tabarau. “Ragon nan zai yi layya?”

“Tambayi liman, Mushe. Ni koko na karanta.”

“Na tambaya. Ya ce ba zai yi ba. Donc, ke nan, ragon da ba zai yi layya ba, ba ragon layya ba ne. Rago ne kawai.”

“Kai ma ai ofis ya ce ba za ka ƙara yi ba, ga shi har yau Mushe muke ce maka.”

Dattawa biyu suka shiga tari. Alhaji Kimba ya ɗaga carbi.

“Ajaratu, ke 'yar'uwarmu ce, amma doka doka ce. Kwana bakwai. Ko mita goma, ko wuƙa.”

Ba ta roƙi kowa ba. Ta san roƙo a gaban bencin nan: za a ce a yi haƙuri, a yi fatiha, a kwance rago. Da yamma ta tare ni ina dawowa daga aikin gini, siminti har gira.

“Ɗana, ara mini abin awon nan naka.”

Kwana uku, da ta sauke tukunya, sai ta bi unguwa tana awo. Ta danne bakin mitar da dutse a ƙarƙashin taga, ta ja baya tana ƙirga a fili. Bayan gidan mai wanki, shida. Lungun rijiya, huɗu da rabi. Gefen kwata, takwas. A Zongo ɗaki a jikin ɗaki yake, wanda ya yi atishawa a nan, na can ke yi masa addu'a. Duk wanda ya rubuta mita goma bai taɓa riƙe mita ba. Mata suna leƙe suna dariya, ita kuwa tana lanƙwasa yatsu.

Rana ta huɗu ta dawo mini da abin awona, ta ce in ara mata guduma.

Ranar da wa'adi ya cika, dattawa suka iso benci da hantsi suka tarar da ita durƙushe a gindin darbejiya tana buga turke. Depite yana tsaye yana shinshina takalmin Alhaji Kimba.

“Ajaratu! Mene ne haka?”

“Bin doka, Alhaji. Duk unguwar nan na auna. Nan kaɗai ya kai.”

“Nan ai wurin zamanmu ne!”

“Kuna da taga a nan?”

Aka aika a kira Tchakoura. Ya zo da takardar, ya karɓi mitar a hannuna, ya auna da kansa daga taga mafi kusa, ya sake aunawa. Mutumin yana da halinsa, amma bai iya yi wa lamba ƙarya ba.

“Onze mètres,” ya ce. “Sha ɗaya. Alhaji, tana da gaskiya.” Har da ɗan murmushi, don dai tagarsa ta huta.

Alhaji Kimba ya ce sai a gyara dokar. Wani dattijo ya tuna masa cewa in aka buɗe takardar, mata sun ce za su zo a yi maganar ragunan da ke zaure ma. Alhaji Kimba ya bar zancen gyara. Depite ya juya wa benci baya ya zubo abin da ya saba zubowa. Dattawa biyar suka ɗaga bencinsu suka matsa can inda inuwa ta ƙare.

Ina tsaye da gudumar da ta miƙo mini, ta ƙulla igiyar, ta ja sau biyu ta ga ta kama, ta tura masa robar dusa da ƙafa.

“To, Depite, ga majalisa na kawo ka. Yi abin da ka iya.”

Ta karkaɗe zaninta, ta gaida dattawan ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta koma kan kaskonta kafin mai ya ƙone.