Merle Mai Saiwar Na'ana'a

Duk wanda ya bi ta kwarin kogin Derwent da safe a watan Fabrairu, hancinsa zai gaya masa Merle Triffitt ta riga ta hura wuta. Kafin rana ta yi zafi ta zaga gonaki, ta murza ganyen na'ana'a a tafin hannu, ta shinshina. Da fure ya fara leƙowa sai ta ce a yanke, a bari ya yi yaushi, sannan a loda a tukunyar tururi. Tana nan tsaye har man ya taso saman ruwa, man da ake kai wa masu haɗa maganin kumburin ciki. Tun tana budurwa take wannan aiki, sai bana gwiwa ta ce ta gaji.

Amma ba don tukunya kaɗai muke jinjina mata ba. Na'ana'ar da muke nomawa ba ta yin iri. Saiwarta ake tsinka a dasa, in saiwa ta mutu, shi ke nan. Merle kuwa kowace shekara sai ta ɗibi saiwa ta dasa a tudun bayan gidanta, inda ba ruwa sai wanda ta hau da shi a bokiti. Maƙwabcinta Des Rainbird ya sha yi mata tsiya, wai zomaye take noma wa ganyen shayi.

Sai ga shekarar da kogi ya yi ambaliya, ya kwanta a gonaki har saiwa ta ruɓe kaf. Mutane suka fara zancen sayar da filaye su tashi. Des ya hau tudun nan neman saiwa, hula a hannu. Merle ta dube shi, ta miƙa masa shebur.

"Tona mana, Des. Zomayen sun ce sun yafe maka."

Gida-gida ta raba saiwar, har ba ta rage wa kanta ko tsinke ba. Da aka yi mata faɗa, ta ce in ta kama a gonakinsu, ai ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Da saiwar ta kama kuwa, ta karɓo ta sake dasawa a tudu.

Merle, ke ce kika riƙe mana kwarin nan da bokiti ɗaya. Mun gode, kuma muna jin nauyin dariyar da muka yi miki. Yanzu da tudu ya fi ƙarfin ƙafarki, kada mu bari saiwar can ta bushe. Wanda bai san hanya ba ya bi bayan Des, kullum da safe yana hawa da bokitinsa, yana haki.